Aibin da Yake Kwance a Cikin Kube

Daga cikin kayan da maƙeri yake fitarwa daga wuta babu wanda gaskiyarsa take daɗewa a ɓoye kamar takobi, domin fartanya da hauya da lauje ana gane ingancinsu tun a daminar farko, wuƙar mahauci kuwa ba ta kwana uku a hannunsa bai san ko tana riƙe kaifi ba, amma takobi yana iya shekara hamsin a cikin kube, ya fita daga hannun uba ya shiga hannun ɗa, ba a taɓa saran komai da shi ba balle a san abin da ƙarfensa zai yi ranar da aka buƙace shi. Wannan hali ne ya sa masu tara takubba, wato waɗanda suke saye ko suke adana su saboda tarihi da ado da daraja, suke yawan faɗawa hannun masu algus, kuma shi ne ya haifar da wata tambaya da ta shafi fiƙihu da tauhidi gaba ɗaya: aibin da ba a taɓa jarrabawa ba, wanda wataƙila har abada ba za a jarraba shi ba, shin aibi ne da Allah zai tambayi wani a kansa, ko kuwa daina yaƙi da takobi ya sauke nauyin daga wuyan wanda ya ƙera da wanda ya sayar?

Ƙasar Dogo-Dogo, wadda ƙaramar hukumar karkara ce a kudancin jihar Damagaram, daf da iyakar Nijar da jihar Jigawa ta Nijeriya, tana cikin wuraren da wannan tambaya take da gindin zama. Tana ƙarƙashin gundumar Magarya har zuwa 2011, lokacin da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma, kuma a ƙarni na 19 yankin Dungas, wanda yake cikin ƙasashen Sosebaki, ya kasance tsakanin daular Damagaram daga arewa da ƙasashen Gumel da Kano da Daura daga kudu da yamma, ma'ana hanyar fatake ce kuma hanyar mayaƙa, musamman a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya tara bindigogi har ya sa an ƙera masa igwa a Zinder, da zamanin Amadu Kuran Daga, wanda Faransawa suka kawo ƙarshen mulkinsa a 1899. Yaƙe-yaƙen sun wuce, takubban kuwa sun saura. Akwai na gidajen sarauta da ake fitowa da su ranar hawan salla, akwai waɗanda makiyaya Fulani da Buzaye suke ratayawa da hamila a kafaɗa, akwai na mafarauta da 'yan tauri, akwai kuma wanda yake rataye a turakar maigida ba don komai ba sai don na kakansa ne. Ba a kiran waɗannan mutane masu tara kayan tarihi, amma abin da yake hannunsu shi ne abin da dillalan tsofaffin kaya suke bin ƙauyuka suna nema domin kasuwannin Zinder da Agadas da Kurmi ta Kano, inda daga can wasu suke ƙetare teku. Wanda ya san matsayin takobin Bayajida a fadar Daura, ko na Gajere a kayan sarautar Katsina, ba zai yi mamakin ganin talaka ma yana son a ce takobin gidansu yana da asali ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa ruwan takobi, wato ƙarfen mai kaifi ban da ƙota da kube, sau da yawa baƙo ne a ƙasar Hausa. Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, wanda ya zauna a Kano a 1851 ya kuma sauka a Zinder a ƙarshen 1852, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ne suke shigowa kasuwar Kano kowace shekara, kowane ɗaya a kan wuri dubu, kuma kusan duk waɗanda ya gani ƙirar birnin Solingen ne na ƙasar Jamus. Raƙuma ne suke ɗauko su tsirara daga Tarabulus ta hanyar Gat da Azbin, hanyar da take ratsa Zinder kafin ta gangara Kano, sa'an nan maƙera su sa musu ƙota, dukawa su ɗinka musu kube, a sayar wa Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da Buzaye. A gefe guda maƙeran baƙi, wato masu aikin baƙin ƙarfe, suna ƙera nasu daga tama, dutsen da ake narkewa a fitar da ƙarfe, har kalmar tama ta zama sunan takobi mai araha a cikin sunayen da mayaƙa suka sani, irin su dunhu, wanda ba shi da zane, da tamogashi mai layi uku a tsawon ruwansa. Tun a wancan zamani ke nan kasuwa ta kasu gida biyu, da mai tsada da mai araha, kuma ido kaɗai ba ya raba su idan an goge su sun yi ƙyalli.

Dalilin da ya sa ido ba ya raba su yana cikin ƙarfen kansa. Abin da yake mayar da baƙin ƙarfe ya zama mai riƙe kaifi shi ne ɗan sinadarin kabon da yake shiga jikinsa daga gawayi, wanda a ruwan takobi mai kyau bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma idan ya yi ƙaranci ƙarfen yana lanƙwashewa ya ƙi komawa, idan ya yi yawa yana tsagewa kamar tangaran. Bayan an gama duka a kan uwar maƙera sai a mayar da shi wuta ya yi ja, a tsoma shi cikin ruwa ko mai domin ya taurara, sa'an nan a sake ɗumama shi a hankali domin a rage masa gautsi, kuma a tsakanin waɗannan matakai biyu ne ake samun takobi ko a rasa shi. Maƙerin da ya yi gaggawa ya tsallake ɗumamawar ƙarshe zai fitar da ƙarfe mai kaifi ƙwarai wanda zai karye a sara na farko, wanda kuma ya ji tsoron tsagewa ya ƙi tsomawa zai fitar da mai laushi. Ga kuma kashin maƙera, wato dattin narkewa da yake maƙalewa a cikin ƙarfe idan ba a dake shi sosai ba, ga wutsiyar ruwan da take shiga cikin ƙota, wadda idan siririya ce ko liƙa ta aka yi da walda to nan takobin yake rabuwa biyu, kuma ƙota ta rufe ta ruf. A yau da aka daina narka tama aka koma ga tsofaffin ƙarafa, ƙarfen sifirin na mota yana ba da ruwa mai kyau a hannun gwani, amma falankin ƙarfen gini da aka yanke aka wasa shi ma yana ɗaukar siffar takobi. Ƙorafe-ƙorafen masu tara takubba a ko'ina suna komawa ga waɗannan abubuwa ne: ƙota mai girgiɗi, ruwan da ya lanƙwashe ya zauna a haka, wutsiyar da ta ɓalle, da tsatsar da aka ƙirƙira da ruwan batir ko binnewa a ƙasa domin sabo ya yi kama da tsoho.

Da yake mai saye ba zai iya leƙa cikin ƙarfe ba, sai ya koma dogara da alama, alama kuwa ta fi ƙarfe sauƙin kwaikwayo. Maƙeran birnin Passau sun shahara da hoton kyarkeci yana gudu, maƙeran Solingen suka ɗauki hoton suna bugawa a nasu, maƙeran Sahara da na ƙasar Hausa su ma suka kwaikwayi alamomin Turai, musamman jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum da ake kira dukari, kamar yadda Lloyd Cabot Briggs ya nuna a binciken da ya wallafa a 1965 a kan ruwan takubban Buzaye. Al'amarin ya girmi wannan, domin takubban arewacin Turai na tsakanin ƙarni na 9 da na 11 masu ɗauke da sunan Ulfberht, waɗanda aka tono kimanin 170, bincike ya nuna wasunsu ƙarfe ne tsarkakakke wasu kuwa maras kyau ne da aka rubuta wa sunan. Zuwan kaya daga masana'antar Turawa ma bai taɓa zama lamuni ba: a yaƙin Abu Kilea na Sudan a watan Janairu na 1885 banatin sojojin Ingila, wato wuƙaƙen da ake ɗaurawa a bakin bindiga, sun riƙa lanƙwashewa a gaban mayaƙan Mahadi, har maganar ta kai majalisar dokokinsu. Malaman Musulunci sun san matsalar tun da wuri, domin Alkindi ya rubuta wa halifa Mu'utasim, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842, risala a kan ire-iren takubba da yadda ake bambanta su, littattafan hisba kuma, wato na sa ido a kan kasuwa, irin na Shaizari a ƙarni na 12, sun hana maƙeri ya ƙera wuƙa ko almakashi da ƙarfe mai laushi ya sayar da sunan mai tauri.

Hukuncin asali a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mazhabar malaman zaure a Dogo-Dogo da kewayenta, ba shi da duhu. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta haramta algus da yaudara da cakuɗa mummuna da kyakkyawa, ta kuma haramta tadlisi, wanda yake nufin mai sayarwa ya san aibi ya ɓoye shi, har ta kai ga hana shi yin shiru a kan duk wani abu da mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗinsu da ya ji shi. Tushen wannan shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nisanta mai algus daga jama'arsa. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi a cikinsa yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, kuma wannan shi ake kira zaɓin aibi. Malaman sun ƙara da cewa yaudara ba sai da baki ba, akwai yaudara ta aiki, wadda misalinta shi ne ƙin tatsar saniya kwana biyu kafin ranar kasuwa domin hantsarta ta cika a zaci mai yawan nono ce, abin da duk wanda ya taɓa shiga karar Maigatari zai gane nan take. Irin wannan aiki yana daidai da sharaɗin da aka furta, saboda haka wanda ya buga alamar Solingen a kan ƙarfen da ya yanko jiya, ko ya jiƙa shi da ruwan batir domin ya tsufa, ya yi magana ko da bai buɗe baki ba, kuma ba zai kare kansa da cewa shi bai ce komai ba.

Inda al'amarin yake yin wuya shi ne wata mas'ala da Muhtasar na Shehu Halil ya kawo, cewa ba a mayar da kaya saboda aibin da ba a iya ganinsa sai an ɓata kayan, kamar ƙwaron da ke cikin katako ko ɗacin da ke cikin kokwamba. Hikimar wannan a bayyane take: mai sayarwa da mai saye jahilcinsu ɗaya ne game da abin da ke ciki, kowa ya shiga cinikin ya san haka, ba kuwa adalci ba ne a ɗora wa ɗaya asarar abin da babu mai iya sani. Tsagar da ke kwance a cikin ƙarfe ta yi kama da wannan ƙwarai, domin ba a saninta sai takobin ya karye, kuma dillalin da ya sayo daga wani ya sayar wa wani yana iya samun mafita a nan da gaskiyarsa. Sai dai wannan rangwame na wanda bai sani ba ne, bai kuma shafi maƙerin da ya san ya tsallake mataki ba, domin shi ba jahili ba ne game da cikin ƙarfen, shi ne ma mutum ɗaya tak a duniya da ya ga cikinsa lokacin da yake ja a kan uwar maƙera. A nan ne ake ganin tazarar da ke tsakanin abin da alƙali zai iya hukuntawa da abin da yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, domin alƙali yana buƙatar shaida, shaidar ɗumama ƙarfe kuwa ta tafi tare da hayaƙin gawayi.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi wannan tazara a babin ladubban neman halali na Ihya'u, kuma abubuwa biyu da ya kawo sun dace da takobi kamar don shi aka faɗe su. Na farko fatawar Imam Ahmad ce game da maɗinkin da yake gyara yagaggen tufa har ba a gane wurin, inda ya nuna cewa aikin yana halatta ne idan maɗinkin ya san mai tufar zai bayyana ko kuwa ba sayarwa zai yi ba, wanda yake nuna cewa mai sana'a yana da rabo a cikin abin da za a yi da aikinsa bayan ya bar hannunsa. Na biyu maganar jabun kuɗi ce, cewa shigar da jabun dirhami ɗaya kasuwa ya fi satar ɗari muni, domin sata laifi ne da yake ƙarewa a ranarsa, jabu kuwa yana ta yawo daga hannu zuwa hannu bayan mutuwar wanda ya shigar da shi, alhakin kowane sabon wanda aka cuta yana komawa gare shi. Takobi ya fi dirhami tsawon rai, kuma ƙaryar da aka buga a jikinsa tana ƙara ƙarfi ne da tsufa, domin bayan shekara sittin tsatsarsa ta zama ta gaskiya, ƙotarsa ta sha hannu, jikan da yake rantsuwa cewa daga Gabas aka kawo shi kuwa ba maƙaryaci ba ne, abin da ya tarar ana faɗa yake faɗa.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu ba ta wofi ba ce, tunda babu wanda zai fita yaƙi da takobi a yau, ƙarfensa ya yi kyau ko kada ya yi duk ɗaya ne, ado ake nema kuma adon ya samu. Gaskiyar da ke cikin wannan magana ita ce ƙarancin inganci shi kaɗai ba zunubi ba ne, domin shari'a ba ta wajabta wa kowa ya sayar da mafi kyawun kaya ba, ta dai wajabta masa ya kira su da sunansu. Takobin kwalliya da ake sayar wa yara da samari gab da salla, wanda kowa ya san na rataye ne, cinikinsa halal ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka nan alamar dukari, a cikin jama'ar da ta daɗe da sanin cewa maƙeran gida suna buga ta a matsayin ado da al'ada, ta daina zama da'awar cewa ƙarfen daga Jamus ya zo, saboda urfi, wato abin da mutanen wuri suka saba fahimta, yana da ƙarfin sharaɗi a ciniki. Amma urfi na mutanen da suka san shi ne, kuma alamar da ba ta yaudarar Buzun Azbin tana yaudarar baƙon da ya karanta a littafi cewa alamar Turai ce, ko ɗan birnin da yake neman abin da zai ajiye a falo ya ce na zamanin Tanimun ne. Irin wannan mai saye ba ya bayar da kuɗinsa saboda kaifi, yana bayarwa ne saboda asali da shekaru, kuma sifar da aka ƙara kuɗi dominta rashinta aibi ne ko da ba za a taɓa zare takobin ba. Algus ɗin ya tashi ne daga ƙarfe ya koma cikin labari. Bayan haka ma, ba gaskiya ba ne cewa an daina amfani da takobi ɗungurungum, domin makiyayin da yake kwana a daji da dabbobinsa yana rataye shi ne da nufin kare kansa, kuma wanda ya sayar masa da mai gautsi ya sayar masa da amincin da babu shi.

Wata mafakar da aibin ƙarfe yake samu a ƙasar Hausa ita ce imani da maganin ƙarfe. 'Yan tauri suna goga wuƙa a jikinsu a bainar jama'a ba ta yanke su ba, ana kuma ba da labarin mayaƙan da takobi yake lanƙwashewa ko ya karye idan ya taɓa su, saboda haka duk lokacin da ƙarfe ya gaza akwai bayani a shirye wanda bai shafi maƙeri ba. Wasu kuma suna ɗauko hujja daga tauhidi, domin abin da ake karantarwa a littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, irin su Ummul Barahina, shi ne wuta ba ta ƙonawa da kanta, wuƙa ba ta yanka da kanta, Allah ne yake halittar ƙuna da yanka a lokacin haɗuwarsu da abin, sai su ce ashe karyewar takobi ƙaddara ce kawai. Wannan fahimta ta ɗauki rabin karatun ta bar rabi. Sanusi ya kasa hukunci gida uku, na hankali da na shari'a da na al'ada, kuma hukuncin al'ada shi ne alaƙar da ake gani tana maimaituwa tsakanin abu da abu bisa tsarin da Allah ya gudanar, tare da yarda cewa yana iya saɓa ta idan ya so. Saɓawar kuwa ita ce mu'ujiza da karama, ba abin da ɗan kasuwa zai gina cinikinsa a kai ba ne. Allah ya gudanar da al'adarsa cewa ƙarfen da ba a ɗumama ba yana karyewa, maƙeri ya san haka fiye da kowa, kuma a kan wannan sani da zaɓin da ya yi ne hisabi yake hawa, wanda shi ne abin da malaman tauhidi suke kira kasabu, wato rabon bawa a cikin aikin da Allah ya halitta. Duk abin da mutum ya ɗauka game da tauri, takobin da ya lanƙwashe a kan kututturen ƙirya bai gamu da maganin kowa ba.

Magabata ba su ga saɓani tsakanin tawakkali da tantance ƙarfe ba. Buhari ya ruwaito cewa takubba tara suka karye a hannun Halidu ɗan Walidu, Allah ya ƙara masa yarda, a yaƙin Mu'uta na shekara ta 8 bayan hijira, wanda ya saura a hannunsa kuwa wani mai faɗi ne ƙirar Yaman, kuma abin lura shi ne ya kula da wanda ya jure har ya ambaci ƙasar da aka ƙera shi. Alƙur'ani, wanda yake da sura sukutum mai sunan ƙarfe, ya ambaci ƙarfe a aya ɗaya tare da littafi da ma'auni, a suratu Saba'i kuma ya ba da labarin Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda aka tausasa masa ƙarfe amma duk da haka aka umarce shi ya auna zoben sulke daidai, abin da masu tafsiri suka bayyana da cewa kada ƙusar ta yi siranta ta yi girgiɗi, kada kuma ta yi kauri ta tsaga zoben. Annabin da aka ba mu'ujiza a kan ƙarfe ba a ɗauke masa wajibcin kyautata aiki ba, kuma wurin da aka umarce shi ya kyautata shi ne wurin da mai sanya sulken ba zai taɓa dubawa ba.

Adalci yana buƙatar a faɗi laifin mai saye shi ma. Tun zamanin fatake an ɗaukaka abin da ya zo daga nesa an raina ƙirar gida, har maƙerin da ya iya aikinsa ya ga cewa ruwan da ya sha wahalar ƙerawa ba zai yi kuɗi ba sai ya sa masa alamar wani, kuma masu tara takubba na yau, da suke neman tsoho ko ta halin ƙaƙa suna ƙin biyan sabo mai kyau kuɗin da ya cancanta, suna ci gaba da ciyar da wannan hali. Wannan ba ya wanke mai algus, amma yana nuna cewa kasuwar da ba ta biyan gaskiya tana koya wa 'ya'yan maƙera wata sana'a dabam da ta iyayensu. Cutar kuma tana gudana ta ɗaya ɓangaren, domin sau da yawa mai sayen ne masani, mai sayarwar kuwa tsohuwa ce ko maraya da yunwar bazara ta sa suka fito da takobin gado ba su san tsohon ruwan Solingen ne ba. A zahirin hukunci, wanda ya sayar da abu da sunansa na gama-gari ba ya warware ciniki don ya gano daga baya cewa ya fi haka daraja, kuma faɗuwa a ciniki ita kaɗai ba ta sa a mayar. Amma malaman Malikiyya sun yi magana ta musamman a kan wanda ya sallama, wato ya ce wa abokin cinikinsa shi bai san kuɗin abin ba, ya saya ko ya sayar masa yadda mutane suke yi, domin wannan ya mayar da ciniki amana, kuma yawancin mutanen karkara da dillali yake zuwa ƙofar gidansu a wannan matsayi suke ko da ba su furta ba. An ruwaito cewa Jariru ɗan Abdullahi, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi ta ƙara wa mai doki kuɗi daga dirhami 300 har zuwa 800 saboda ya san dokin ya fi abin da aka nema, yana mai dogara da mubaya'ar da ya yi a kan yi wa kowane Musulmi nasiha.

Wurin da mas'alar take fitowa fili a ƙauye shi ne rabon gado, inda dole a yi wa takobi kuɗi kamar yadda ake yi wa gona da dabba. Idan aka yi masa kuɗi bisa labarin da ake bayarwa a gida, magajin da ya karɓe shi a matsayin rabonsa yana iya tashi da falankin ƙarfe a madadin saniya, idan kuma aka raina shi, mata da ƙananan yara, waɗanda galibi ba su ake ba takobi ba, su ne suke asarar bambancin. Abin da ya dace shi ne a kira sarkin maƙera ko wani tsohon maƙeri da ba shi da rabo a cikin dukiyar, ya ƙwanƙwasa ruwan ya saurari ƙararsa, ya gwada magagari a wurin da ba ya ɓata shi, ya duba ko alamar ta lalace tare da sauran jikin ƙarfen ko kuwa gefunanta suna da kaifin sabon bugu, in ya yiwu ya kwance ƙota ya ga wutsiyar. Sabuwar ƙota ko sabon kube ba hujja ba ce a kan ruwa, domin al'ada ce a sake wa tsohon ruwa tufafi duk lokacin da fata ta mutu. Gwajin da ya fi kowane bayyana gaskiya shi ne a dafa tsinin a ƙasa a lanƙwasa ruwan a ga ko zai koma ya miƙe, sai dai wannan gwaji yana iya karya tsohon ƙarfe ko da mai kyau ne, saboda haka ba a yinsa sai da izinin dukkan magada, bayan an yi magana a gaban shaidu a kan wanda asarar za ta hau idan ya karye.